Keken da Zai Kai Ni Pélébina

Djougou, Afrilu 1987

Zuwa ga Yaya Mounkaila,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Zinatu da yara da duk mutanen Kpébié. Mu ma lafiya lau, sai dai zuciyata.

Yaya, keke nake so ka zaɓa mini a Parakou. Nawa ya tafi. Ka tuna Chaibou, wanda muke zuwa rugagen Pélébina tare muna saro wagashi, cukun nan na Fulani? An naɗa shi delege, wato wakilin gwamnati, na unguwarmu. Ranar Asabar ɗin da matata Tasalla take naƙuda ban fita aikin gayya ba, sai ya zo har ƙofar gidana da 'yan komite, ya ce juyin juya hali na bukatar kekena. Yanzu shi yake hawansa, shi yake kwashe wagashin Fulanin da na yi shekaru ina hulɗa da su. In mun haɗu sai ya kaɗa mini ƙararrawa.

Kada ka duba kyau ko fenti. Mai faɗin taya nake so, mai birkin kirki, wanda laka ba za ta kayar ba. Damina nake jira.

Ka gaishe da Inna, kada ka faɗa mata.

Ƙaninka,
Issaka

Djougou, Mayu 1987

Yaya Mounkaila,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙafar Inna? Tasalla da jaririya suna gaishe ku.

Na karanta bayanin kekuna biyun. Na san ka fi son baƙin nan sabo da aka shigo da shi ta Nikki, don kayan gyaransa ba sa wuya. Gaskiyarka. Amma irinsa ne wanda aka ƙwace mini, kuma na san inda yake gazawa: rafin da ke gaban Pélébina in ya kawo. Ka ɗauko mini ɗayan, na Baturen nan mai aikin rijiyoyi da zai koma gida, mai canjin giya da taya kamar ta babur. Ko ya tsufa ban damu ba. Ka sa a ƙera masa kariya mai ƙarfi ta ɗaukar kaya a baya.

Ka ce in bar wa Allah. Na bar masa lahira, Yaya. Ta duniya kuwa ina so in gani da idona.

Naka,
Issaka

Djougou, Agusta 1987

Yayana,

Ina gaishe ka da dukan gida. Allah ya saka maka, keken ya yi.

Tun da ruwa ya zauna, Chaibou ba ya iya wuce rafi sai da turi. Kafin ya isa ruga na riga na ɗaure kayana na juyo. Matan Fulani sun daina ajiye masa komai.

Ranar kasuwar da ta wuce na same shi a bakin rafin, cikin laka. Ya yi ƙoƙarin bin sawuna, ƙafar gaban keken ta karye, shi ma gwiwarsa ta goce. Babu kowa a wurin. Na tsaya ina kallonsa, ya kasa ɗaga ido. Wallahi na yi niyyar wucewa. Sai wata dabara ta zo mini wadda ta fi wucewa daɗi.

Na sauke wagashina a gindin bishiya, na ɗora shi a kariya, na ɗaure shi da igiyar kaya don kada ya faɗo. Akwai hanyar bayan gari mai kai mutum asibiti kai tsaye. Ya roƙe ni in bi ta. Ni kuwa na ratsa tsakiyar kasuwa, rana tsaka, a hankali, ina tsayawa ina gaisawa da duk wanda na sani. Duk mai tambaya sai in ce kamarad delege ne na tsinto a hanya. Mahauta har tafi suka yi. Ina jin goshinsa a bayana, yana ɓoye fuska.

Jiya liman ya yabe ni a masallaci, ya ce haka Musulmi yake rama mugunta da alheri. Chaibou na zaune a sahun baya da sandarsa. Dole ya ce amin.

A gaida Inna. Wannan karon ka faɗa mata duka.

Ƙaninka,
Issaka