Mun Je Dutsen, Babu Ƙanƙara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa gare ka, ɗan farina. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji, makwancinka da haske da yalwa. Mu nan Kiru lafiya lau. Damina ta yi kyau, masarar babanka ta gonar Ɗansoshiya har ta fi mutum tsawo. Ƙanwarka Ummi ta gama sakandare, bakin nan nata yana nan yadda ka bar shi.

Na zo ne in gaya maka mun je dutsen nan naka.

Babanka ne ya kawo maganar tafiya. Tun da ka rasu bara yake kallona ta gefen ido. Matan da suka zo gaisuwa suna ta cewa, kai, Malama akwai dauriya. Wallahi ba dauriya ba ce, ba na jin komai ne. Ina girki, ina zuwa makaranta, ina duba aikin yara, amma kamar allurar mai cire haƙori aka yi min har yau ba ta sake ni ba. Ranar da aka fita da kai maza suka wuce maƙabarta, ni ina kan tabarma ana miƙo min kunu. Mace ba ta bin gawa, don haka ko inda kake kwance ban sani ba. Da Alhaji zai je Istanbul neman kayan injin casar shinkafa sai ya ce mu shirya ni da Ummi mu sha iska. Na ce to, amma a kai ni Bursa inda ka yi karatu, a hau da ni dutsen da ke cikin hoton nan. Tunda ba zan tsaya a kan kabarinka ba, in tsaya inda ka taɓa tsayawa.

Ka san hoton. Kana cikin farar dusar ƙanƙara, an ɗaura maka wasu dogayen katakai a ƙafa irin na masu wasan sulu a kan ƙanƙara, ka jingina gwiwar hannunka a kan wani allo mai jar kibiya, haƙora duk a waje. Ka haɗo da saƙon murya: "Adda, nan ko zoɓonki aka ajiye daskarewa zai yi."

Adda kake ce min, kamar wata yayarka, don a ɗakin kakarka Inna ka tashi. Ni kuma ban taɓa faɗin sunanka ba. Ba laifi na yi ba, haka aka tarbiyyantar da mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. "Wannan yaron" nake cewa, ko in ce "kai". Ka girma ka mai da abin tsokana. Sai ka tsuguna a bakin murhu ka ce, "Adda, wai ya ma sunana? Na manta." In ce ka ci gidanku. Har a gadon asibiti a Kano ka yi min, murya ba ta fita sosai. Na gyara maka bargo na ce ka yi shiru ka huta.

To, mu dai babu wanda ya gaya mana ƙanƙarar tana da lokacinta. A tunaninmu dutsen ƙanƙara ne, yadda duwatsun Riruwai suke nan rani da damina. Na sa aka sayo mana gwanjon rigunan sanyi masu kauri daga Kano, da safar hannu, da huluna. Akwati guda muka cika.

Da muka isa Bursa, a cikin garin zafi ake yi sosai. Alhaji ya ce ai sama ake sanyin, mu saka tun daga ƙasa kada ya kama mu. Haka muka shiga wani ɗan keji na gilashi da ke rataye a jikin waya, mun yi dum kamar buhunan gero, mutane cikin 'yan riguna marasa hannu suna satar kallonmu. Abin ya ɗaga sama, Ummi tana ihu, babanka yana ta hasbunallahu. Ni ina kallon bishiyoyi suna wucewa ƙarƙashin ƙafata, ko gabana bai faɗi ba.

Muka isa. Ciyawa, yaro. Ciyawa kore shar, da kashin shanu, da ƙudaje. Kujerun da ke ɗaukar masu sulu zuwa ƙololuwa suna rataye babu kowa a kai, iska tana ɗan kaɗa su. Shagunan haya na katakan nan duk a kulle. Iyalai sun shimfiɗa barguna ƙarƙashin bishiya suna gasa nama. Ummi ta tuɓe hula ta ce, "Yanzu duk kuɗin jirgin nan Falgore muka zo gani?" Alhaji ya ce ai shi tun farko ya ce a tambaya. Bai ce ba.

Na ce tunda mun zo a nemo min allon. Ummi ta riƙe waya muna bi muna dubawa, gumi yana bin bayana, na ƙi cire rigar, ban san dalili ba. Mun daɗe kafin mu gan shi kusa da wata bukkar katako. Shi ne, jar kibiyar tana nan. Sai dai yana can sama a kan dogon ƙarfe. Babanka, duk tsawonsa, ya miƙa hannu da ƙyar ya taɓa gindinsa. Muka kalli hoton, muka kalli allon. Ashe ranar nan ba a ƙasa kake ba, a kan tulin ƙanƙara kake, ita kuma ta narke ta gangara. Inda ka sa ƙafa yana saman kaina, babu komai a wurin.

Alhaji ya juya baya, na ga kafaɗunsa suna rawa. Ummi ta ja shi wai su nemo ruwa. Na zauna a kan dutse da wayar a hannu.

Wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar masara a gefen bukkar ta matso. Ta duba rigar sanyina, ta duba hoton, ta dube ni. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta yi min alama da hannu, yana ina? Na nuna sama. Ta gane, ta dafa kafaɗata. Sai ta nuna ƙirjinta ta ce Fatma, ta ɗora yatsa a kan fuskarka, ta ɗaga hannuwa za ta yi addu'a, tana jiran in faɗi sunanka.

Na waiga. Duk rayuwata akwai mai amsa min wannan tambayar, ko Inna, ko babanka, ko Ummi. Ranar babu kowa.

Na faɗa. Ya fito a sauƙaƙe, kamar ina kiran sunan ɗan aji. Harshena bai karye ba, dutsen bai motsa ba. Tsohuwar ta yi addu'arta, na ce amin, ta ba ni masara ta ƙi karɓar komai. Ban yi kuka ba, har yanzu ban yi ba. Abin da na zauna ina juyawa, masarar tana hucewa a hannuna, shi ne ashe abin ba shi da wuya haka. Matar da ba ta san ka ba ita ta ji, kai da ka roƙa ba ka ji ba.

Allah ya jiƙan ka, Yunusa. Allah ya gafarta maka, ya sanyaya makwancinka, ya sa ka huta. Allah ya haɗa mu a inda zan kira ka ka amsa.

Wassalam.

Mahaifiyarka.