Mita Ɗaya da Rabi a Kan Bututun Hayaƙin Gida Mai Lamba Bakwai

Zuwa ga:
Shugabar Ofishin Kula da Gine-ginen Tarihi na Gunduma

Daga:
Ernest Pyka, mahaƙin kwal mai ritaya,
Gida mai lamba 7, Layin Lipowa, Tsohuwar Unguwar Mahaƙa, Grabinka, Silesiya

4 ga Fabrairu, 2019

Game da: Hana ni izinin ƙara tsawon bututun hayaƙin gidana

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne mutumin da ofishinki ya mayar wa da takardarsa har sau biyu. Shekaruna saba'in da huɗu, talatin da ɗaya daga ciki a ƙarƙashin ƙasa na yi su. Matata Łucja tana kwance a asibiti, kuma ba za a sallame ta ba sai gidanmu ya yi ɗumi. Ga yadda aka yi.

1. Tukunyar kwal da ke ɗumama gidana, shekara goma sha ɗaya ina hura ta, ba ta taɓa ba ni kunya ba. A watan Oktoban bara ta fara mayar da hayaƙi cikin gida. Da farko kaina na zarga. Na canza kwal, na kankare kunkunniyar cikinta ƙal, na sabunta igiyar da ke toshe bakin ƙofarta, na rage gudun fankarta na sake ƙarawa, na koma kunna wuta daga sama. Duk a banza. Sai da na yi sati uku ina lura kafin na gane ba ta yin haka sai in iska ta taso daga yamma.

2. Ranar 12 ga Nuwamba mai sharar bututun hayaƙi na unguwarmu, Gerard Kocur, ya hau rufin ya auna. Ya rubuta cewa iska tana saukowa daga kan sabon benen nan mai hawa huɗu da aka gina yamma da mu, ta danna hayaƙin ya koma ciki. Maganin, in ji shi, a ƙara wa bututun mita ɗaya da rabi.

3. Na nemi izini ranar 19 ga Nuwamba. Ranar 17 ga Disamba aka amsa mini cewa dole bututan layinmu su zauna daidai da juna kamar yadda aka gina su a 1908. Jami'in da kika aiko hoton rufin kawai ya ɗauka. Łucja ta dafa masa kofi, ta yanka masa kek, ya ci ya sha, amma bai taka ɗakin ƙasa inda tukunyar take ba. Da zai tafi ya ce mini, "Baba, ka koma lantarki mana, wa ke fama da kwal yanzu?" Wayoyin gidan nan tun na zamanin mahaifina ne, butar shayi da dutsen guga ma ba sa ɗauka tare. Sauya su sai an fasa bango, fasa bango kuma ofishinki ne ya hana. Shi kuwa benen, an ce mini mita shida ya tsallake iyakar da kuke karewa, saboda haka ba ruwanku da shi.

4. Ranar 9 ga Janairu da hantsi na fita sayen burodi. Na duba kafin in fita, iskar gabas ce. Ina cikin layi ta juya. Minti arba'in na yi. Da na dawo, kanarin da muke ajiyewa a kicin yana ƙasan kejinsa a mace, Łucja kuma tana kwance a ƙasa, wuƙar ferar dankali na hannunta. Na ja ta waje kan dusar ƙanƙara. 'Yan kwana-kwana suka haramta kunna tukunyar har sai an gyara bututun. Tun ranar da rigar sanyi nake kwana, na kuma tsiyaye ruwan bututan ɗumama don kada ƙanƙara ta fasa su.

5. Ranar 14 ga Janairu na sake rubutowa tare da takardar likita. Ranar 29 aka ce kwamiti zai zauna a watan Afrilu. Ranki ya daɗe, likita ya gaya mini zuciyar Łucja ta taɓu, ba ya tsammanin za ta ga Afrilu. Ita ma ta sani, ba a ɓoye mata komai. Abu ɗaya take roƙo, a mayar da ita ɗakinta. Jiya ta kama hannuna ta ce, "Kai tsoho, shekara talatin kana fasa dutse a rami, 'yan bulo ne suka gagare ka?" Kunya ta kama ni.

Ba na raina aikinki. A gidan nan aka haife ni, kuma na fi duk mai zuwa ɗaukar hoto son jan bulonsa. Amma don mutane su kwana da ransu aka gina shi.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ki sa hannu a kan izinin nan kafin ranar Juma'a, 15 ga wata. Na samo tsofaffin bulo daga wani rusasshen gini, launinsu ɗaya da namu, mai wucewa ba zai bambance ba.

Ina kuma sanar da ke, don kada a ce na yi a ɓoye, cewa ranar Asabar 16 ga wata da ƙarfe tara na safe zan hau rufin, da izini ko babu. Likita ya yarda ya ba ni ita ranar Litinin in gidan ya yi ɗumi. In kin ga dole a aiko mini da takardar tara, zan karɓa ba musu. Roƙona kawai, a turo mai ɗan ƙarfi wanda zai riƙe mini tsani, domin gwiwata ta hagu ba ta da tabbas, kuma in na faɗo babu mai zuwa ɗauko ta.

Allah ya ƙara girma.

Naki cikin biyayya,
Ernest Pyka