Yayanki Ubale da Awon Jinina

Tayyiba, ke kin san haƙuri yana da nauyi kuwa? Nauyin gaske nake nufi, irin na buhu.

Ya farin furen riɗi, ya ruwan randa a tsakiyar bazara, ya inuwar darbejiya da ɗan dako ke hangowa tun daga nesa! Ina gaishe ki da kyau. Ni ne Sha'aibu. Kar ki duba rubutun, firamare ma ban ƙarasa ba, kuma a kan buhun zoɓo na ɗora takardar, shi ya sa layin ke hawa da gangara.

Kin tuna ranar da na zo zance bayan la'asar, kika fito da mayafi ruwan ƙwai, kika ajiye mini kunun aya a ƙofar soro? Wayyo wannan rana! Muryarki kamar yayyafin farko a kan shuka. A nan kika ce Baffa ya ce ni baƙo ne a Maigatari, bai san halina ba, don haka ba zai karɓi gaisuwar iyayena ba sai kakar riɗi ta wuce ba a ji na yi faɗa da kowa ba, ko da na baki. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. A lokacin ban san Ubale, mai rabon lodi a rumfar da nake dako, yayanki ne ba.

Ga yadda abin ya samo asali. Makon da na zo daga ƙauyenmu na bayan Gagarawa, na fita neman mai shayi. Na yi ta tafiya, har wani jandarma ya tare ni da Faransanci. Ashe Nijar na shiga. Wa ya gaya mini ƙasa tana ƙarewa a bayan kasuwa? Tun ranar Ubale ya sa mini suna Ɗan Ƙasar Waje. In na saɓa buhu sai ya ce, "A ba shi hanya, jama'a, jirginsa zai tashi!" Rumfa ta kwashe da dariya. Ni kuma in ce, "Sannu da aiki, Yaya."

Bakina ke nan. Amma ciki, Tayyiba! Kunnuwana su ɗau zafi, jijiyar wuyana ta miƙe, ƙirjina ya kama dukan tara-tara kamar injin ban ruwa. In na koma masauki sai in ji na gaji fiye da ranar da na sauke tirela. Na ɗauka son ki ne ya yi mini yawa. Har daɗi na ji.

To jiya kaina ya matsa mini, na je wurin Malam Aminullahi mai kemis. Ya naɗa mini wani ƙyalle a dantse, ya danna na'ura, ƙyallen ya kumbura ya shaƙe ni, sannan ya saki. Ya ce jinina lafiya lau. Bai kwance ba sai ga Ubale ya shigo sayen maganin mura. Ya ce, "A'a, Ɗan Ƙasar Waje, allurar fita waje ake yi maka?" Na yi murmushi, na ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Yana fita Malam ya sake dannawa. Ya dubi lambar, ya cire tabarau, ya dube ni. Ya ce, "Samari, fuskarka ta liman ce, jininka kuwa na ɗan dambe."

Ya yi mini bayani, na kama abin da na kama. Wai danne zuciya aiki ne. In mutum ya riƙe abin da ke son fitowa, jijiyoyi sukan matse, zuciya ta ƙara ƙarfin turi, jini ya hau, sai an jima ya sauko. Ni da a tunanina mai haƙuri hutawa yake yi. Ashe dako biyu nake yi a rumfar nan.

Yanzu ga wurin da nake so ki fahimce ni, ya hasken idona. Na roƙi Malam ya bari jinin ya sauka, sannan ya auna ni ina kiran sunanki. Ya yarda. Na rufe ido na ce Tayyiba, Tayyiba. Ya hau, wallahi ya hau! Sai dai bai kai na Ubale ba. Na ce a sake. Bai kai ba. Ina gaya miki ne da kaina don kar ki ji a bakin wani ki ɗauka na fi son yayanki. Ba haka ba ne ko kaɗan. Malam ma ya ce na'urar ba ta auna so.

Ya ce in rage gishiri, in riƙa jan numfashi a hankali in abin ya taso, in kuma jinin ya ƙi sauka ko ina zaune lafiya, in tafi asibiti a Gumel. Na gwada numfashin yau da safe. Ubale ya ce tayata ta yi faci.

Ba sassauci nake nema ba, ya zumar da ba ta gundura. Ko jijiyar nan za ta tsinke, ba zan tanka masa ba. Abu ɗaya kawai nake so ki bincika mini a cikin gida. Baffa ne ya sa Ubale ya gwada ni, ko kuwa haka Allah Ya yi shi? In gwaji ne, zai ƙare da kakar riɗi. In kuwa halinsa ne, to surukina ne har abada, gara in sani da wuri in daina cin gishiri gaba ɗaya. Ko wanne ne, ina nan. Ban da ke ba ni da wata, ba kuma zan yi ba.

Mota ta tsaya, ga shi can yana tambaya ko jirgina ya sauka. Bari in tafi yanzu in gaishe shi.

Naki har ƙarshen numfashi,
Sha'aibu