Hannun da Na Ba Shi a Coci

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarki, yaya su Wisly? Ni lafiya lau, kumburin kafaɗata ma ya sace.

Ranar Talata masu kamen 'yan Haiti suka jefa ni mota a kasuwar Dajabon ta kan iyaka, ɗayansu ya murɗe mini hannu. Ko takarduna ba su duba ba, baƙar fatata ta ishe su. Sista Altagracia ta cocinmu ce ta tsaya gaban motar har suka sauke ni.

Jiya a coci, lokacin gaisuwar salama, wanda ya murɗe mini hannu ya juyo, wai "Salamar Almasihu, 'yar'uwa." 'Yar'uwa! Sista ta ce in yafe. Na ba shi hannu, Mama, amma hannun da ya murɗe ɗin, ya ga ba ya ɗaguwa.

Ki aiko mini man zafi. Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Mirlande