Hannun Mama Ya Sake Karyewa

Nukkai, Jalingo

Yaya Rahila,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya sanyin ƙasar? Yaya maigida da yara? Mu nan lafiya, ban da Mama.

Hannunta ya sake karyewa ranar Talata, tulu kawai ta ɗaga. An kwantar da ita a asibiti. Likita ya duba hoton hannun ya ce ƙashinta ya koma kamar ɓawon ƙwai. Yana zargin ƙananan ƙullutun nan huɗu na wuya, masu fitar da sinadarin da ke ba ƙwayoyin gina ƙashi umarni. In sinadarin ya yi yawa, ƙashi zubewa yake.

Yaya, fannin aikinki ke nan. Takardar bincikenki kan gutsattsarin wannan sinadari, yadda suke kunna wani umarni cikin ƙwayoyin su kashe wani, ni na gyara miki Turancinta bara, layi-layi. Ina gyaran, Mama na gefena tana matsa ƙugu tana cewa, "Ɗanjuma, ciwon nan har cikin ƙashi." Na ce sanyi ne. A karayar farko ni na kai ta wajen mai ɗori a Iware. Ita ta so, ni kuma ya fi mini sauƙi da bin layin asibiti. Ko rubuto miki ban yi ba.

Ta ce kada in tayar miki da hankali, amma na riga na yi shirun da ya isa.

Ki sa mu a addu'a, ki gai da kowa. An ɗebi jininta an aika Jos, sakamakon bai dawo ba tukuna.

Ƙaninki,
Ɗanjuma