Minti Biyar na Mis Odessa

Detroit, Michigan

Zuwa ga 'yata Charlene,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mijinki Reggie da jaririya. Allah ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya ba mu haƙurin rashin uwarki. Kada ki damu da rashin zuwanki, ba wanda zai taso daga Jamus da ɗanyen jego.

Sai da na zauna a coci na buɗe takardar jana'izar nan mai hotonta, sannan na gane abin da kawunki Cleotis ya yi mana. An rubuta wai uwarki Lurline ta yi aikin wanki a asibiti, kuma tana son waƙoƙin yabo. Shi ke nan. Charlene, wankin nan ko shekara biyu ba ta yi ba, aka kore ta don ta kwaikwayi tafiyar babban likita. Shekara arba'in da ta yi a tsaye gaban jama'a tana ba su dariya, ko kalma ɗaya babu. Na waiga na hango Mis Odessa da sauran tsofaffin abokan sana'arta, an zaunar da su can baya kusa da ƙofa.

Ke ba ki san farkon abin ba, kina ƙarama. A lokacin masu gidajen wasa ba sa ba mace dandamali sai don waƙa ko rawa. Sai Yaya Lurline ta ce musu ita mawaƙiya ce. Ta hau, ta ja baiti ɗaya da muryar nan tata kamar ana jan tebur, ta tsaya ta dubi mutane ta ce to, sun ji abin da Allah ya hana ta, yanzu su zauna su ji abin da ya ba ta. Da haka ta shiga sana'ar barkwanci. Ita da Odessa sun zaga garuruwan kudu, su shiga ta ƙofar kicin, su kwana a mota don otal ba ya karɓar irinmu baƙar fata. 'Yan matan da kike gani a talabijin yanzu, da yawansu a falonmu suka koyi riƙe makirufo.

Abu ɗaya uwarki ta roƙa a asibiti, ina zaune. Ta ce wa Cleotis, tunda shi ne dattijon coci, ya ba Odessa minti biyar ranar da za a kai ta, don ba ta son a raka ta da majina. Ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya ce ya ɗauka. Har ta tsokane shi, ta ce ƙanena, ka rantse da hannun da kake cin abinci, wancan ban yarda da shi ba. Ya yi dariya. Na ga haƙoransa da idona.

Ranar kuwa, da aka zo wurin da 'yan'uwa ke faɗin albarkacin bakinsu, Odessa ta miƙe da sandarta da jar rigarta. Sai Cleotis ya ɗaga wa mai kiɗa hannu, aka buga waƙa a kanta. Ta tsaya a tsakiyar hanya, tsohuwa mai shekara tamanin, har mata masu hidimar coci, masu farar safar hannu, suka mayar da ita mazauninta. Shi kuma Cleotis ya yi addu'ar da ba ta ƙarewa.

Na san abin da ke cinsa. Kin tuna labarin da uwarki ta fi suna da shi, na ƙanenta mai sa wa abinci albarka, wanda ya yi ta addu'a har soyayyar kaza ta gaji ta tashi ta mayar da gashinta ta koma akurki? Tsawon shekarun nan yana dariya tare da mu, ashe ajiyewa yake. Ya jira sai da ba ta da bakin ramawa.

A wurin cin abinci Odessa ta tare shi da faranti a hannu, ta ce Dattijo, yau ba kaza kaɗai ba, ita ma mai akwatin gawar saura kaɗan ta tashi. Mutane suka tuntsire, ni ma har da hawaye. Amma a ɗakin ƙasan coci ne, ba gaban akwatinta ba, Yaya kuwa an riga an rufe ta.

Yanzu ga maganar dutsen kabari. Cleotis ya kai wa masu sassaƙa rubutu wai “Baiwar Allah mai kawaici.” Uwarki! Sun ce ba za su taɓa dutsen ba sai da sa hannunki, ke 'yarta. Zai aiko miki da takardar da daɗin baki. Kada ki sa. Ni abin da nake so a rubuta shi ne “Ta ba mu dariya.” Ban iya tsara magana ba, in kina da wanda ya fi, ki faɗa.

Antinki Vernice da Junior suna gaishe ki. Ki sumbatar min jaririya.

Kabarin uwarki har yau ba dutse, kuma Mis Odessa ba ta yi minti biyar ɗinta ba.

Taki har kullum,
Anti Ozella