Sunan Hanya

Juma'a, 9 ga Agusta, 2024
Gobe sai garin Ƙarfi. An ba da hutu, Baban Sadiq ya kafe sai yara sun ga Inna, mahaifiyarsa. Ni ba Inna nake gudu ba, hanya nake tsoro. Dawa ta kai kan mutum, kuma kowa ya san abin da ke fitowa daga cikinta a bana.

Na zaunar da su na koya musu abin da za su ce in an tare mu. Babanku manomi ne, ba ya aikin kamfani, ba mu da kowa a birni. Sadiq shekararsa bakwai, ya gane. Humaira mai huɗu ta ɗauka wasa ne. Na ce har suna a sauya mata, "Aisha Humaira" ya yi kama da 'yar masu hali. Babanta yana ɗaure jaka, bai ko ɗago ba ya ce, "Ki sa mata Laraba." Na sa ta maimaita ya fi sau ashirin, har da alawa.

Asabar, 10 ga Agusta
Mun iso lafiya. Babu wanda ya tare mu sai masu rake a Malumfashi. Humaira ta yi mini amai a mayafi, Sadiq ya fara tambayar "mun zo?" tun daga bakin Funtua. Daga Ƙarfi babur biyu muka hau zuwa ƙauyen.

Idon Inna ya kusa tafiya. Ta shafa kan Sadiq ta tsokane shi, wai mijin nata ya rame. Ta jawo ƙaramar, ta ce, "Ke kuma wace ce?"

Bakin nan da na horar da kaina ya ce, "Laraba. Babana manomi ne."

Na fara dariya, sai na ga ni kaɗai nake yi. Inna ta bi fuskar yarinyar da yatsu har bayan kunne. Baban Sadiq ya fice.

Lahadi, 11 ga Agusta
Rabi, matar wan Baban Sadiq, ta gaya mini muna sussukar masara. Inna ta taɓa haihuwar mace ɗaya, Laraba. Tana shekara huɗu rafin bayan gari ya tafi da ita da damina, ko zanenta ba a gani ba. Yayanta, Baban Sadiq, aka bar wa ita ranar, yana ɗan bakwai.

Shekara tara muna tare, mutumin nan bai taɓa ce mini yana da ƙanwa ba.

Litinin, 12 ga Agusta
Na tsare shi bayan rumbu. "Duk sunayen duniya?" Wai shi ma bai san ya fito ba. Na ce ya je ya gaya wa Inna gaskiya. Ya ce, "Maman Sadiq, jiya Inna ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Rabi ta ce rabonta da haka tun rani." Wato ni ce zan zama muguwa.

Na hana Sadiq zuwa ko'ina da Humaira. Ya tambaye ni laifin me ya yi.

Laraba, 14 ga Agusta
Na lissafa a waya. Ranar Laraba na haifi Humaira. To sai me, rana ce kamar kowace.

Alhamis, 15 ga Agusta
Tare suke wuni a tabarma ɗaya. Inna ta yi mata kitso da lalube, wani irin na da wanda ban taɓa gani ba, kuma ya zauna. Yarinyar da sai na danne ta da gwiwa kafin a taɓa kanta. Na kira ta cin abinci sau uku, "Humaira!" Ko gezau. Inna ta ce a hankali, "Laraba, ana kira," ta miƙe.

Na ja ta ɗaki na ce wasa ya ƙare, mun iso, ta koma sunanta. Ta ce, "Mama, ke kika ce kar in faɗa wa kowa."

Da la'asar na same ta a bakin darni tana kallon gangaren rafi. Babu wanda ya nuna mata inda yake. Na finciko ta har ta yi kuka. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan, kuma ba na 'yan hanya ba.

Asabar, 17 ga Agusta
Babura sun zo, Inna ta riƙe wuyan hannun yarinyar.

"Ki bar mani ita zuwa kaka."

Na ce makaranta, Inna.

"Na san ɗiyarki ce, ban haukace ba. Amma shekara talatin ban faɗi sunan nan wani ya amsa ba."

Na duƙa, na ɓanɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ina ba ta haƙuri. Ba ta yi gardama ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Talata, 20 ga Agusta
Gida. Wanki ya fi ƙarfina. Kitson ya fara tsufa, na ɗauko tsinke zan tsefe, na mayar. Gobe.

Da hantsi ta fita ƙofar gida, ga Keke Napep ya shawo kwana da gudu. Ban yi tunani ba, bakina ne kawai ya buɗe. Ta tsaya cak, ta juyo, ta rugo ta rungume ƙafata.

Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Maman Sadiq, baƙuwa kuka yi? Wace ce Laraba?"

Na ce 'yata ce.